Kyamara Ta Ƙi Buɗewa Daga Nesa: Tambayoyi da Amsoshi Kan DDNS da Rautar Gida

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan samu daga masu shaguna, da magidanta, da yaran da ke koyon haɗa kyamarori. Labarin kusan ɗaya ne: an saka kyamara a shago ko an bar kwamfuta a kunne a gida, mutum ya yi tafiya, ya buɗe waya don ya leƙa, sai abu ya yi ta juyawa babu hoto. Kusan kowa DDNS yake fara ɗora wa laifi. Abin da na gani a wajen aiki kuwa shi ne, sau da yawa DDNS ɗin lafiyarsa ƙalau, cikas ɗin yana ga irin adireshin da kamfanin intanet ya ba ka. Mai gaggawa ya fara da tambaya ta uku, ita ce za ta nuna masa wacce zai karanta a gaba.

Mene ne DDNS, kuma me ya haɗa shi da kallon kyamara daga nesa?

Duk layin intanet yana da lambar da ake gane shi da ita, ita ce adireshin IP, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar 203.0.113.25. Wannan lamba ba taka ba ce, aro ce daga kamfanin da ke ba ka intanet. Yana iya karɓe ta ya ba ka wata idan rautar, wato akwatin da ke raba intanet a gida, ta mutu ta tashi, ko wa'adin aron ya cika. Ka haddace ta yau, gobe ta zama ta wani.

DDNS yana ba ka suna wanda ba ya canzawa, kamar sunanka.ddns.net, kuma rautar ce ke sanar da kamfanin DDNS duk lokacin da lambar ta sauya. Kamar ɗan kasuwa ne mai yawan sauya rumfa, amma duk inda ya koma sai ya faɗa wa sarkin kasuwa. Mai nemansa ba sai ya zaga layi-layi ba, sarkin kasuwa zai nuna masa. Sai dai kwatance kawai sarkin kasuwa yake yi. In ka isa ka tarar da rumfa a kulle, ko mai gadi ya hana ka shiga layin, wannan ba huruminsa ba ne. Haka DDNS yake: yana nuna hanya, ba ya buɗe ƙofa.

Wane kamfanin DDNS zan zaɓa?

Ka fara duba wanda rautarka ta riga ta sani. TP-Link na da nasu mai ƙarewa da tplinkdns.com, ASUS na da asuscomm.com, MikroTik kuma suna da IP Cloud da ke ba da suna mai ƙarewa da sn.mynetname.net. Waɗannan sun fi sauƙi. In babu, No-IP da DuckDNS da Dynu duk suna bayarwa kyauta. Na No-IP na kyauta sai ka riƙa tabbatar da shi duk kwana 30, akwai bayani a tambayar saƙonnin kuskure. Tsofaffin rautoci da yawa har yanzu suna nuna DynDNS a jerinsu, amma wannan kamfani ya daina bayarwa kyauta tun 2014.

Injiniya, rautar ta rubuta cewa DDNS ya haɗu, amma daga waje ba na shiga. Ta ina zan fara?

Kada ka taɓa komai tukuna. Ɗauki biro ka rubuta lambobi uku. Ta farko: shiga rautar, galibi ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1, ka nemi inda aka rubuta WAN IP ko Internet IP. Ta biyu: kana kan Wi-Fi ɗin gidan, VPN a kashe, ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa, kamar ifconfig.me. Ta uku: a kwamfuta ka buɗe Command Prompt ka rubuta nslookup sunanka.ddns.net 8.8.8.8, ka ga lambar da sunan ke nunawa.

Idan ukun sun zo ɗaya, DDNS ya yi aikinsa, ka wuce zuwa tambayar buɗe ƙofa. Idan ta farko da ta biyu sun zo ɗaya amma ta uku ta bambanta, to nan ne kaɗai laifin yake na DDNS, sai ka duba tambayar saƙonnin kuskure da ta sunan da ke nuna wani adireshi. Idan kuwa ta farko ta bambanta da ta biyu, akwai wata na'ura tsakaninka da intanet, ko dai a cikin gidanka ko a wajen kamfani. Wannan na ƙarshe shi na fi tararwa, kuma shi ya fi ci wa mutane lokaci da kuɗi a banza.

Lambar cikin rautata ta fara da 10 ko 100, ta shafin intanet kuma daban. Me ke nan?

Akwai lambobin da aka keɓe don amfanin cikin gida, ba sa tafiya a kan intanet: duk wanda ya fara da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Sai kuma 100.64 zuwa 100.127, waɗanda aka ware wa kamfanonin intanet a 2012. In WAN IP ɗinka ya faɗo cikin waɗannan, kuma babu wata rauta a gaban taka, to kana bayan abin da ake kira CGNAT. Ma'anarsa kai da ɗimbin mutane kuna fita intanet da adireshi guda.

Dalili shi ne ƙarancin adireshi. Tsohon tsarin IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA mai rabon adireshin intanet na duniya ta raba ragowar da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka, wadda hedikwatarta ke Mauritius. Mu kuwa yawancinmu ta waya muka shigo intanet, kuma bayan an gama rabon kaso mai tsoka. Shi ya sa layukan waya, da MiFi, da rautoci masu cin sim kusan duk a bayan CGNAT suke. Ka ɗauke shi kamar babban gidan haya mai ƙofa ɗaya. Mai gadi yana barin ɗan aike ya dawo saboda ya ga fitarsa, ya san ɗakinsu. Baƙon da ya zo ba wanda ya aika a kira shi kuwa, mai gadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Kai da ke neman kyamararka daga Abuja ko Yamai, kai ne baƙon.

Na taɓa zuwa wani shagon atamfa a Kano, mai shagon ya riga ya biya mutum biyu kafin ni. An buɗe masa asusu a kamfanonin DDNS har biyu, an cika shafin buɗe ƙofa da layuka goma sha. Da na juya rautar na karanta kalmar sirrin da ke manne a bayanta na shiga, WAN IP ɗin da 10 ya fara. Duk wahalar da aka sha, ko shekara za a yi ana saiti ba zai buɗe ba, domin ƙofar da ke kulle ba a shagon take ba, tana can wajen kamfani.

To in ina bayan CGNAT, shi ke nan babu mafita?

Akwai. Ta farko ita ce ka tambayi kamfanin ko suna ba da Public IP, wato adireshin da za a iya isa gare shi kai tsaye daga waje. Da wannan sunan za ka tambaya, don shi ma'aikatansu suka sani. Masu faiba da masu intanet na eriya sukan sayar, wani lokaci da ƙarin kuɗi duk wata. A layin waya kuwa galibi ma'aikatu da kamfanoni ake yi wa. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, shi ma tsarinsa na gida a bayan CGNAT yake. Public IP sai a tsarin Priority, kuma rautarsu ba ta da wajen buɗe ƙofa, sai ka sa ta a Bypass Mode ka jona taka.

Ta biyu, wadda ta ishi yawancin masu shago, ita ce ka bar na'urar da kanta ta fita ta nemo ka. Tun da mai gadi ba ya hana fita, DVR ɗin, wato akwatin da ke naɗar hoton kyamarori, zai kira sabar (babbar kwamfutar) kamfanin da ya ƙera shi, wayarka ma ta kira can, sai a haɗa ku. Abin da Hik-Connect na Hikvision da DMSS na Dahua suke yi ke nan. Ka kunna shi a DVR, ka ga ya rubuta Online, ka ɗauki lambar QR da waya. Ba DDNS, ba buɗe ƙofa. In ya tsaya a Offline, duba Gateway (adireshin rautar) da DNS na DVR ɗin, sau da yawa a nan aka bar gurbi. Abin da za ka sani shi ne ka ba kamfanin amana, kuma in sabarsu ta samu matsala kai ma ka samu.

Ta uku ita na fi so ga mai son isa ga kwamfuta ko ma'ajiyar fayil: Tailscale ko ZeroTier. Ka saka manhajar a wayarka da kuma wata na'ura da ba a kashewa a gida, ko da ƙaramar Raspberry Pi ce, su haɗu kamar suna ɗaki ɗaya. Tailscale na iya mayar da wannan na'ura ta zama gada zuwa sauran kayan gidan, har da DVR. Kada ka ruɗe in ka ga ya ba ka adireshi mai farawa da 100, daga waccan keɓaɓɓiyar jaka yake ɗebowa. Mai son fito da shafin yanar gizo daga gida kuma ya duba Cloudflare Tunnel.

Ina da faiba kuma kamfani ya ce Public IP ya ba ni, amma WAN IP ɗina 192.168 ne.

Rautoci biyu ke jere a gidanka: akwatin da kamfani ya kawo, da wadda ka saya ka jona a bayansa. Adireshin na gaskiya yana kan ta kamfanin, taka kuwa na cikin gida aka ba ta. Gyara mafi tsabta shi ne a mayar da ta kamfanin Bridge Mode, ta zama mai miƙa saƙo kawai. In layin PPPoE ne za ka buƙaci suna da kalmar sirrin layin, ka karɓa a wajensu kafin ka fara. In ba su yarda ba, ka shiga ta kamfanin ka sa adireshin rautarka a DMZ, wato saitin da ke miƙa mata duk abin da ya shigo daga waje, ko ka buɗe ƙofar sau biyu, daga ta farko zuwa ta biyu, daga ta biyu zuwa na'ura. Ko kuma ka mayar da taka Access Point, ka yi duk saitin a ta kamfanin.

Ka lura da abu ɗaya: wasu rautoci lambar WAN ɗinsu suke aika wa kamfanin DDNS ko da ta cikin gida ce. In nslookup ya nuna maka 192.168, abin da ya faru ke nan. Ka mayar da aikin DDNS kan akwatin farko, ko ka zaɓi saitin da ke gano adireshi daga waje in akwai.

Yaya ake buɗe ƙofa daidai?

A rauta za ka ga an rubuta Port Forwarding, ko Virtual Server, ko NAT. Abu huɗu ake cikewa: lambar ƙofa ta waje, adireshin na'urar a cikin gida, lambar ƙofa ta ciki, da nau'i, TCP ko UDP. Kowace hidima da ƙofarta. Hikvision na amfani da 8000 don manhaja, Dahua 37777, hoton RTSP 554, shafin burauza 80 ko 443, SSH 22, WireGuard, wani nau'in VPN, kuma an saba sa shi a 51820 na UDP. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a buɗe 80 kaɗai, shafin shiga ya fito, hoto ya ƙi zuwa, domin ta wata ƙofa yake bi.

Ƙofa ɗaya ta waje na'ura ɗaya take kaiwa. In DVR biyu ne, na biyun ka ba shi wata lamba ta waje, misali 8001. Kafin ka buɗe kowace ƙofa dai, ina roƙonka ka karanta tambayar hatsari a ƙasa, domin ni ba na buɗe wa DVR ƙofa sai in babu wata hanya.

Yana aiki lafiya, amma da an ɗauke wuta an dawo da ita sai ya daina.

Wannan tamu ce ta kullum, kuma abu uku ke jawo ta. Na farko, adireshin cikin gida. Jiya rautar ta ba DVR 192.168.1.104, ka buɗe ƙofa zuwa can. Da wuta ta dawo, talabijin ko wayar wani yaro ta riga shi tashi ta karɓe lambar, shi kuma aka ba shi 107. Ƙofar tana nan a buɗe, amma ɗakin wani take kaiwa. Ka nemi Address Reservation ko Static Lease a ƙarƙashin DHCP, ka ɗaure lambar da adireshin MAC, wato lambar shaida, na na'urar, ta zama tata har abada.

Na biyu, tsere tsakanin na'urori. Rauta takan riga akwatin faiba tashi, ta gwada sanar da DDNS tun intanet bai zo ba, ta kasa, kuma wasu ba sa sake gwadawa sai bayan dogon lokaci. Na uku, agogo. Yawancin rautocin gida ba su da batirin agogo, sukan tashi da tsohon kwanan wata har sai sun samo lokaci daga intanet. In kwanan watan ya karkace, rautar za ta ƙi yarda da takardar shaidar sabar DDNS, sabuntawa ta tsaya. Ka kunna NTP, ka sa pool.ntp.org. Agogon DVR ma ka daidaita shi, GMT+1 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, GMT a Ghana, don ranar da za ka nemi hoton ƙarfe biyun dare ka same shi a inda ya kamata.

Maganin da ya tattara duka ukun shi ne kada su mutu tun farko. Rauta da akwatin faiba ba sa jan wuta sosai. Ka jona su da DVR a inbata, ko ka sayo ƙaramin batirin rauta mai fitar da volt 12 ko 9, ka duba abin da aka rubuta a jikin cajar kafin ka saya. Ɓarawo ma ai lokacin duhu yake jira.

Daga waje yana buɗewa, amma ina cikin gida sunan ba ya aiki.

Babu abin da ya lalace. Kana ciki kana neman fita ka sake shigowa ta ƙofar gidanka, wasu rautoci kuma ba su iya wannan juyi ba. Sunansa NAT Loopback ko Hairpin NAT. In rautarka na da shi ka kunna, in babu ka ajiye na'urar sau biyu a manhaja, ɗaya da adireshin cikin gida, ɗaya da sunan DDNS. Wannan ne ya sa gwaji na gaskiya shi ne ka kashe Wi-Fi a wayarka ka kunna data. Mutane da yawa sun wargaza saiti mai kyau saboda sun yi gwaji suna zaune kusa da rautar.

Mene ne ma'anar badauth, nohost, nochg da sauran saƙonnin kuskure?

Amsoshi ne da sabar DDNS ke mayarwa, za ka gan su a shafin DDNS ko a System Log. Kalmar good tana nufin an sabunta. Ita kuma nochg ba kuskure ba ce, cewa take adireshin bai canza ba. In ka ga badauth, suna ko kalmar sirri ne ba daidai ba. Wasu tsofaffin rautoci suna yanke doguwar kalmar sirri ko su kasa aika alamomi irin su & da #, don haka in ka tabbata daidai ka rubuta, ka gwada wata mai haruffa da lambobi zalla. Saƙon notfqdn na cewa ba ka rubuta cikakken suna ba, wato ka sa sunanka ka bar .ddns.net. Idan abuse ne, an toshe ka saboda yawan aika sabuntawa ba dalili. Lambar 911 kuwa matsalar tasu ce, ka jira. DuckDNS nasa gajere ne, OK ko KO, kuma da doguwar lamba da suke kira token yake aiki.

Wanda ya fi kama mutanenmu shi ne nohost, wato babu wannan suna a asusunka. A No-IP na kyauta, duk kwana 30 sai an tabbatar ana buƙatar sunan, ta imel ɗin da suke aikowa. In da imel ɗin mai haɗawa aka buɗe asusun, ko da wanda ba ka dubawa, sunan zai mutu shiru. Alamarsa ita ce abu ya yi wata guda cif yana aiki sannan ya tsaya.

Sunan yana nuna wani adireshi da ba nawa ba.

Wani abu ne daban ke sabunta shi. Ka tuna ko ka taɓa saka manhajar DDNS a laftof. In ka tafi da ita ofis ko ka kunna VPN, adireshin can za ta kai rahoto. Haka in an sa asusun a rauta an kuma sa a DVR, ko a tsohuwar rautar da ka ba ƙaninka. Na'ura ɗaya tak za ta riƙe wannan aiki, kuma wadda ba ta barin gida.

In kuwa yanzu adireshin ya canza, ka ɗan dakata. Kamfanonin DDNS sukan sa wa'adin tuna amsa ya zama gajere, kamar daƙiƙa 60, amma waya ko kwamfuta na iya riƙe tsohuwar. A Windows ka rubuta ipconfig /flushdns, a waya ka kunna yanayin jirgi ka kashe.

Na buɗe ƙofa, lambobi uku sun zo ɗaya, amma shafin gwaji ya ce a rufe take.

Shafuka irin canyouseeme.org ƙwanƙwasawa suke yi, in ba a amsa ba sai su ce a rufe. Don haka dole na'urar ta kasance a kunne tana sauraro a wannan ƙofa. Ka fara gwadawa a cikin gida da adireshin gida. In nan ma bai buɗe ba, rauta ba ta da laifi. In kwamfuta ce, katangar tsaron Windows na iya tarewa. In DVR ne da aka rubuta wa adireshi da hannu, duba Gateway: dole ya zama adireshin rautar. In babu shi, ko na tsohuwar rauta ne, saƙo zai iso amma DVR bai san hanyar mayar da amsa ba. A gida lafiya, a waje shiru.

Wasu kamfanoni suna toshe 80 da 25 da 445 daga wajensu, wata rautar kuma ta riƙe 80 da 443 don shafinta. Ka gwada babbar lamba a waje, kamar 18080, ka kai ta 80 a ciki. Ƙofar UDP kuwa waɗannan shafuka ba sa iya gwada ta, WireGuard ma da gangan ba ya amsa wa wanda ba shi da mabuɗi. Gwajinsa shi ne ka haɗa ka ga an yi Handshake.

Akwai hatsari a buɗe ƙofa? Wa ya san da ɗan shagona?

Ba sai an san ka ba. Akwai kwamfutoci da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofofi, har akwai shafi mai suna Shodan da ke jera abin da aka tarar a buɗe. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa shiga kyamarori da DVR da rautoci ta ƙofar Telnet, tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda ake fitowa da su daga masana'anta. Da waɗannan na'urori aka kai wa kamfanin Dyn, mai nuna hanya zuwa manyan shafukan intanet, hari ranar 21 ga Oktoba 2016, Twitter da Netflix da Reddit suka ƙi buɗewa ga mutane da yawa a Amurka da Turai. Masu kyamarorin ba su ma san da kayansu aka yi ba.

Kalmar sirri mai ƙarfi ma ba kullum take isa ba. A 2018 an gano ɓaraka a Winbox, manhajar saita rautocin MikroTik, ƙofa 8291, da ke ba da damar sace kalmar sirri. A 2019 aka samu BlueKeep a Remote Desktop na Windows, ƙofa 3389, har sai da Microsoft ya fitar da gyara ga tsohuwar Windows XP. A 2021 kuma aka gano wata a kyamarorin Hikvision da yawa, wadda ake karɓe na'ura da ita ba tare da kalmar sirri ba. Duk an fitar da gyara, amma na'urar da ba a sabunta ba tana nan da raminta.

Abin da ya fi damuna ba shago ba ne, gida ne. Na sha ganin kyamara tana kallon tsakar gida, inda iyali ke zaune ba mayafi, yara na wasa, kuma kalmar sirrin 12345 ce, ƙofa a buɗe ga duniya. Mutumin da ba zai bar baƙo ya wuce zaure ba, ya shigo da shi har tsakar gida bai sani ba. Ka canza kalmar sirri, ka sabunta manhajar cikin na'ura, ka kashe UPnP don kada na'urori su riƙa buɗe wa kansu ƙofa, ka kashe Telnet. Remote Management na rautar ma a kashe, 3389 kuma kada ta taɓa fuskantar intanet.

To wace hanya ce ta fi aminci in ina da Public IP?

Ka buɗe ƙofa ɗaya tak, ta VPN, komai ya bi ta cikinta. Rautocin MikroTik masu RouterOS 7, da ASUS da TP-Link na baya-bayan nan, da duk mai OpenWrt suna iya zama sabar WireGuard. A nan DDNS yake da amfani na gaske: a wayarka ka sa sunanka.ddns.net:51820 a matsayin inda za a nufa. Da ka haɗu, ka zama kamar kana kan Wi-Fi ɗin gida, ka buɗe DVR da adireshinsa na ciki.

Tarko biyu ne a nan. WireGuard sau ɗaya yake tambayar sunan, lokacin da ka kunna shi. In adireshin gida ya canza kana haɗe, ka kashe ka sake kunnawa. Na biyu, in gidanka 192.168.1 ne, otal ko ofishin da kake shi ma 192.168.1 ne, wayar za ta nemi DVR ɗinka a cikin otal ɗin. Tun farko ka sauya na gidanka zuwa lambar da ba a saba ba, kamar 192.168.57.

IPv6 fa, zai fid da ni daga CGNAT?

Zai iya, in ɓangarorin biyu suna da shi. A IPv6, wato sabon tsarin adireshi da ya biyo bayan IPv4, kowace na'ura tana samun adireshinta na duniya, wanda ke farawa da 2 ko 3. Mai farawa da fe80 na cikin gida ne. Ba a karkatar da ƙofa, izini kawai ake bayarwa a katangar tsaron rauta, kuma sunan DDNS sai ya ɗauki rijistar AAAA mai nuna adireshin na'urar kanta, ba na rauta ba. Starlink na ba da shi. Cikas ɗin shi ne layin da kake kallo da shi daga waje: in ba shi da IPv6 ba za ka isa ba. Ka gwada duka biyun a test-ipv6.com kafin ka dogara da shi.

Malam, ni nawa yana buɗewa, amma hoton yana tsayawa, data kuma tana ƙarewa da wuri.

Hajiya, naki ba matsalar DDNS ba ce. Kallon kyamara daga nesa ya dogara ne da ƙarfin aikawa na layin shago, wanda galibi bai kai na saukewa ba. Kyamara ɗaya mai aika megabit 2 a daƙiƙa tana cin megabait 900 a awa guda, kuma sau biyu ake biya, a layin shago da a wayarki. In kika buɗe huɗu lokaci ɗaya, lissafin ya ninka huɗu. A manhaja ki zaɓi Sub Stream, wasu suna rubuta Fluent ko SD. A kilobit 512, awa guda kusan megabait 230 ce kawai. Babban hoton yana nan a ajiye a DVR, sai ki buɗe shi lokacin da kike son ganin fuska ko ƙirga kuɗi a kanta. In na'urar na da H.265 a sa mata, yana rage nauyi sosai.

Wanda ya haɗa min ya bar gari, ban san kalmar sirri ba.

Rauta mai sauƙi ce: ka danne maɓallin Reset kamar daƙiƙa 10 ta koma sabuwa, amma duk saiti zai goge, har da na PPPoE, don haka ka karɓi bayanan layin a wajen kamfani tukuna. Sunan DDNS da ke asusun wani ba za ka iya karɓowa ba, ka buɗe sabo da imel ɗinka. Wanda ya fi wuya shi ne Hik-Connect da makamantansa, domin na'ura asusu ɗaya take ɗauruwa da shi. Muddin tana kan asusunsa, zai iya ci gaba da kallo, kai kuma ba za ka iya ƙara ta a naka ba sai an kwance ta. Ana kwancewa ta menu ɗin DVR ko ta manhaja kana kan Wi-Fi ɗaya da na'urar, kuma za a nemi kalmar sirrin admin. In ita ma babu, sai ka bi ta dillalin da ya sayar maka, da rasit da lambar jikin na'urar.

Ranar da za a yi sabon haɗi, a buɗe kowane asusu da lambarka da imel ɗinka, kai ne za ka raba wa mai gyara izinin kallo, ka janye in ya gama. Ka sa ya rubuta maka a takarda adireshin rauta da na DVR, da sunan DDNS, da ƙofofin da ya buɗe, sannan ku fita waje tare, ka kashe Wi-Fi, ka ga hoto da datarka kafin ka cika masa kuɗinsa.